Ajin muhawara na yamma a Garwa: inda ya ƙware da inda ya gaza

A wata unguwa ta Garwa, a arewacin Kamaru, akwai ajin yamma da ke horar da ɗaliban lise (babbar sakandare) masu shirin Probatoire da Bakaloriya, wato jarrabawar shekaru biyu na ƙarshen sakandare, kan rubutun kafa hujja da muhawara. Iyaye na yawan tambaya ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. Tana biya, amma akwai gyara.

Gwanintar malaman ajin tana wajen warware jigo. Kafin yaro ya fara rubutu, sai ya ja layi ƙarƙashin manyan kalmomin tambayar, ya fayyace ma'anar kowace, sannan ya zaƙulo matsalar da ke ɓoye ciki. Nan ɗalibai da yawa ke faɗuwa a jarrabawar falsafa, domin suna amsa tambayar da ba a yi musu ba. Sai tsarin nan mai hawa uku na makarantun Faransanci: kare ra'ayi, sukarsa, sannan sasanta su. Kowane sakin layi ra'ayi ɗaya, hujja ɗaya, misali ɗaya.

A muhawarar baki ƙuri'a ce ke zaɓa wa ɗalibi ɓangare, a ba shi minti 3. Dole ya maimaita hujjar abokin karawarsa daidai kafin ya rushe ta. Wannan doka ta burge mu, don tana kashe hayaniya.

Rauninsu gyaran takardu. Ajin ya cika maƙil, malam yakan sa maki da jan biro ba tare da bayani ba, shi ya sa hawa na uku yakan zama maimaici kawai. Kuma komai da Faransanci ake yi. Yaron da ke tunani da Hausa ko Fulatanci sai ya yi gum, alhali da an bar shi ya fara jera hujjojinsa da harshen gida, da bakinsa ya buɗe.