Jatan Lande a Salon Kiriyol ko na Kajun: Wanne Ya Fi Dacewa da Girkin Gida?

Duka salon biyu na jihar Luwiziyana ne a Amurka, kuma dukansu suna farawa da albasa, koren tattasai da seleri, sannan a zuba miyar a kan farar shinkafa. Salon Kiriyol na birnin New Orleans ya dogara ne da tumatir, shi ya sa miyarsa take fitowa ja mai ɗan tsami, kuma ba ta da wahalar haɗawa.

Na Kajun, wanda zuriyar Faransawan da Birtaniya ta kora daga Akadiya ta Kanada tun daga 1755 suka raya a karkara, yawanci ba ya ɗaukar tumatir. Ƙarfinsa yana cikin fulawar da ake soyawa a mai, ana juyawa ba tsayawa har ta koma launin tunkuza tana ƙamshi. Idan ɗigon baƙi ya bayyana, ta ƙone ke nan, sai a sake sabuwa. A ganina wannan haƙurin ya cancanta, domin ɗanɗanonsa ya fi zurfi.

Ko wanne aka zaɓa, a ƙarshe ake zuba jatan landen, domin minti 3 zuwa 5 sun ishe shi nuna.