Kayan koyon karatu na yara: wanne za ku saya, wanne za ku bar wa mai shago

Duk farkon zangon karatu in ka leƙa shagunan littattafai na Sabon Gari ko wajajen PZ a Zariya, sai ka ga iyaye tsaye da list ɗin makaranta a hannu, kuma kusan kowane list yanzu akwai foniks a ciki, wato koyar da karatu ta hanyar sautukan haruffa. Matsalar ita ce komai ma yanzu foniks ake kiransa, daga takardar liƙawa a bango har abun wasa mai batir, to bari in ɗan bambance muku tun kafin kuɗinku su tafi a banza.

Abu guda nake dubawa: shin kayan nan yana sa yaro ya haɗa sauti da sauti ya fitar da kalmar da bai taɓa gani ba, ko kuwa hadda kawai yake ba shi? Mu ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu, a makarantar allo sai yaro ya gama babbaƙu ya shiga farfaru kafin a ce ya fara tattashiya, babu malamin da zai ce ya iya karatu don ya rera da baki.

Zaɓina dai, kuma ba na ɓoyewa, shi ne tsarin Jolly Phonics, wato katunan sauti tare da littafin aikin ɗalibi. Daga Ingila ya fito a 1992, wasu malamai mata biyu Sue Lloyd da Sara Wernham suka rubuta shi, kuma an horar da malaman firamaren gwamnati a kansa a jihohi da dama na Najeriya. Turanci haruffa 26 ne amma sautukansa sun haura 40, shi kuma tsarin nan yana koyar da guda 42 a rukuni 7. Abun da ya fi burge ni ba da a b c yake farawa ba, da s a t i p n yake farawa, saboda da waɗannan shidan kaɗai yaro zai haɗa sat, pin, tin, nap, ant, ka ga tun makon farko ya ɗanɗana daɗin cewa shi da kansa ya karanta. Kowane sauti da motsinsa, s ana lanƙwasa hannu kamar tafiyar maciji, a ana yi kamar tururuwa na hawa hannu, p a ɗaga yatsa a hure kamar ana kashe kyandir. Wannan na p ɗin ku riƙe shi da kyau, don mu Hausawa p da f suna haɗe mana, in ba a gyara tun yanzu ba pan da fan duk ɗaya zai riƙa faɗi har jami'a. Minti 10 zuwa 15 bayan la'asar ya isa, in dai ba lokacin Islamiyya ba ne, kuma in katin ya yi muku tsada ku yanka kwalin madara ku rubuta da maka, aiki ɗaya suke yi.

Amma fa shi ma ba ya ba yaro ma'ana. Zai iya karanta tap tsaf bai san famfon da ke tsakar gida ake nufi ba, sai kin kama hannunsa kin nuna masa. Yawan kalmomi daga hira yake zuwa, da tatsuniya, da aike, da karanta masa labari ana tsayawa ana tambayarsa.

Sannan in so samu ne a fara masa da Hausa, ba be bi bo bu, don rubutunmu kusan yadda ake faɗi haka ake rubutawa, yaro yana gane dabarar haɗawa da wuri tunda ya san me kalmar take nufi. Kunya ce ma a ce a nan Zariya, garin da aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 ɗanka yana karanta cat bai iya karanta kyanwa ba. Sai dai a lura da c, namu na ciki da cokali daban yake da na Turanci, a faɗa masa ƙarara kar ya ruɗe.

Sauran kuwa. Littafin Queen Primer da yawancinmu muka tashi da shi ba laifi a matsayin ƙari, amma yara haddace shi suke yi kamar waƙa. Takardar bango ta A for Apple ado ce kawai, sunan harafi take koyarwa ba sautinsa ba. Kwamfutar roba mai waƙa, batir zai ƙare kafin karatu ya fara. Bidiyon YouTube na da amfani ga uwa ta ji yadda ake furta th da v, amma ki miƙa wa yaro waya ki shiga kicin, data ce kawai za ta ƙone.

To yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne, don nan aka cuce mu. Wata makarantar kuɗi ta riƙa karɓar kuɗin foniks daban a kan kuɗin makaranta, ranar bikin ƙarshen shekara aka tsayar da ɗana ya zuba karatu babu gargada, muna ta tafi. A gida na buɗe masa tsakiyar littafin na rufe hoton da tafin hannuna, na nuna masa kalma mai harafi uku, yaron nan sai ƙoƙarin ɗaga yatsuna yake ya leƙa hoton. Ashe hadda aka ba su. Saboda haka kafin ku biya sisi, ku ce malamar ta faɗi sautukan rukunin farko a gabanku. In ta ce es, e, ti, sunayen haruffa take kira. In ta ce sa, ta, pa, tana liƙa wasali a ƙarshe, yaro zai zo haɗa sat ya ce sa-a-ta. Malamin lesin ma haka, ko da a ABU ya ce yana karatu, a gwada shi, digiri daban iya furta sauti daban.

Jabun littattafai kuma sun cika gari. Bangon yana sheƙi, ciki kuwa hoton fotokofi ne ya dushe, tururuwa ta koma ɗigon tawada, wani ma an tsallake shafuka ko an maimaita su. Kar ku yarda da wanda aka naɗe a leda aka ce ba a buɗewa, ku ce a buɗe ko ku wuce shago na gaba. Ku ƙirga rukunan, na biyu c k e h r m d, na uku g o u l f b, na ƙarshe kuma akwai qu da ou da oi da ar a ciki. Akwai kuma waɗanda aka manna wa sunan foniks da manyan haruffa a bango, ka buɗe ka tarar a b c ne da hoton apple, har da x for xylophone, abun da ko kai uban ba ka taɓa gani ba. Mai shago zai ce miki wallahi Hajiya duk ɗaya ne, wannan ma shi makarantu suka fi ɗauka, ya sauke miki farashi tun ba ki taya ba, araha dai ba ta ado. Masu turo PDF ta WhatsApp a ce a tura kuɗi tukuna, sau da yawa rabin littafi ne, ga kuɗin bugawa a shagon kwamfuta na jiran ki. In kuma dole sai an aiki wani ya sayo, a rubuta masa s a t i p n a takarda, a ce ya duba shafukan farko ya ga sun zo a haka kafin ya miƙa kuɗi, kuma ya karɓo rasit.