Gwajin AMH da dashen ƙwai: yadda na ga aikin wani asibitin haihuwa a Abuja

'Yan'uwa mata masu neman haihuwa da ake ta ce wa su je su yi gwajin AMH (gwajin jini da ke nuna yawan ƙwan da ya rage wa mace), ga abin da na gani bayan na yi shi, na kuma bi shi har zuwa dashen ƙwai (IVF) a wani asibitin kuɗi a Abuja.

Gwajin ba shi da wahala. Jini kaɗan ake ɗiba a hannu, kuma kowace rana ana iya yi, saɓanin na FSH (wani sinadarin haihuwa) da ake so ya faɗo rana ta biyu ko ta uku da fara al'ada. Sun haɗa min da sikanin, aka ƙirga ƙananan jakunkunan ƙwai na dama da na hagu. Sakamakona ya fito ƙasa da 1, wato ƙwai sun yi ƙaranci. Abin da ya ɓata min rai shi ne a wajen karɓar kati aka miƙo min takardar, babu mai yi min bayani. Matar da ta sha habaicin dangin miji, a ba ta irin wannan ta tafi gida da ita, ai an hana ta barci.

Likitar kuwa ta cancanci yabo. Ta zaunar da ni da maigida, ta ce, "Hajiya, wannan lambar yawan ƙwai take faɗa mana, ba ta san ingancinsu ba." Ana haifar 'ya mace da ƙwai miliyan 1 zuwa 2, kafin ta balaga sun dawo wajen 300,000, haka kuma za su yi ta raguwa. Ƙananan jakunkunan nan ne ke fitar da sinadarin AMH, shi ya sa in sun ragu shi ma yake sauka. Inganci kuma shekaru yake bi, yana saurin faɗuwa bayan 35. Don haka 'yar shekara 30 mai ƙarancin AMH takan fi 'yar 42 mai yawansa damar riƙe ciki. Mai fama da PCOS (matsalar sinadaran jiki da ke rikita al'ada da fitar ƙwai) ma nata kan haura sama, ga shi kuma haihuwar na ba ta wuya. Akwai binciken da mujallar JAMA ta Amurka ta wallafa a 2017 kan mata 'yan shekara 30 zuwa 44 da ba a san su da matsalar haihuwa ba: masu ƙarancin AMH sun ɗauki ciki kusan daidai da sauran.

Inda gwajin ya yi amfani sosai shi ne wajen auna ƙarfin allurar da ke sa ƙwai su girma kafin dashe. Tun kafin a fara likitar ta ce kada mu sa ran ƙwai da yawa, ta ba ni allurai masu ƙarfi da nake yi a fatar ciki kullum. Kaɗan ɗin aka samu, aka haɗa da maniyyin maigida, aka dasa. Allah bai nufa ba, cikin bai zauna ba. Na yi kuka, amma ba wanda ya yaudare ni da alkawari, nas-nas ɗin kuma sun riƙe ni da mutunci.

Ƙorafina biyu ne. Kuɗin da aka faɗa mana da farko babu na allurai a ciki, alhali mai ƙarancin ƙwai ita ta fi cin allura, kuma maganar miliyoyin naira ake yi. Na biyun ya fi min ciwo: ma'aikaciyar da ke ba da shawara ta kawo mana zancen karɓar ƙwan wata mace ba tare da ta tambayi addininmu ba. Tun 1980 fatawa ta fito daga Masar cewa dashen ya halatta ne kawai da ƙwan mata da maniyyin mijinta, aure na nan daram, kuma a kan haka malaman Sunna suke. Asibitin da Musulmi ke cika shi ya kamata ma'aikatansa su san wannan.

Zan koma wajen likitar in Allah ya hore, amma sai an rubuta min cikakken lissafi har da na magani. Wadda za ta je, ta tafi da maigidanta a duba maniyyinsa a rana ɗaya, don gwajinsa ya fi sauƙi da araha, kuma kada ta yarda ta karɓi sakamakon AMH sai a gaban likita.