Noragami: abin bautar da ke ƙwadago a kan yen biyar

Ƙanena ne ya matsa mini in kalli Noragami, ni kuwa ina ta ja masa rai don a ganina katun na yara ne. Ranar da na buɗe shi a waya bayan sallar isha, sai da caji ya mutu na kwanta.

Labarin Yato ne, wani ƙaramin abin bauta a addinin gargajiyar Japan, wato Shinto, wanda ba shi da ɗakin bauta ko na kara. Yawo yake da rigar motsa jiki da wani tsumma a wuya, yana rubuta lambar wayarsa a jikin bango. Nemo kyanwar da ta ɓata, wanke banɗaki, duk yana yi a kan yen 5. Na ɗauka raha ce kawai, ashe kwabon yen biyar shi Japanawa suka fi jefawa a wuraren bautarsu, saboda sunansa “go-en” ya yi daidai da kalmarsu ta alaƙa da haɗuwar alheri. Ni dai kallon tatsuniya na yi masa, kamar ta Gizo da Ƙoƙi, don kada wani ya ce na yi tallar shirka.

Abin da ya kama ni shi ne ƙa'idar da aka gina labarin a kanta: abin bautar da mutane suka manta da shi, ɓacewa yake. Shi ya sa Yato ke naci kamar ɗan talla. A zango na biyu wata yarinya ƙawarsa mai suna Hiyori ta haɗa masa ɗan ƙaramin ɗakin bauta da hannunta, wanda bai fi a ɗauka da tafin hannu biyu ba. Wannan sarkin surutun ya riƙe shi, baki ya mutu, sai hawaye. Sau uku na maimaita wurin.

Kamfanin Bones ya yi zangon farko a 2014, kashi 12, sai na biyu mai suna Aragoto a 2015, kashi 13. Na biyun ya fi nama nesa ba kusa ba. A nan ne Ebisu, abin bautar arziki, ya gangara Yomi, ƙasar matattu, wajen Izanami, sarauniyar can. A Kojiki, littafin tatsuniyoyin Japan na shekarar 712, Izanami ta mutu ne wajen haihuwar abin bautar wuta, mijinta Izanagi ya bi ta, ya tarar ta riga ta ci abincin can, ba dawowa. Ebisu kuma ana danganta shi da Hiruko, ɗansu na fari da suka saka a kwalekwalen ciyawa suka sake shi a ruwa. Idan ka san wannan, zaman da suka yi a fim ɗin zai tsaya maka a rai: yasasshen ɗa ne a gaban uwar da ba ta ma gane shi ba. Bishamon kuwa, abin bautar yaƙi, juya shi aka yi, namiji ne a al'adarsu, a nan aka mai da shi mace mai dogon gashi tana hawan zaki.

Inda suka ɓata mini rai biyu ne. Ƙarshen zangon farko, faɗan Yato da wani abin bauta mai suna Rabo, babu shi a littafin da aka ɗauko labarin daga ciki, ƙari ne, kuma kana kallo za ka ji an yi faci. Sannan Aragoto ya tsaya daidai lokacin da maganar mahaifin Yato ta fara ɗaukar zafi, alhali ko rabin labarin ba a ci ba.

Dole na koma manga ɗin, wato littafin labarin mai zane-zane, na marubuta Adachitoka, juzu'i 27, wanda aka kammala a 2024. Daga dama zuwa hagu ake karanta shi, wanda ya yi makarantar allo ba zai sha wuya ba. Babu kiɗa, babu launi, kuma a ƙaramar waya sai kana ta buɗa hoton da yatsu biyu kafin ka ga rubutun. Amma labarin ya fi duhu da nauyi, musamman asalin Yukine, yaron da ke rikiɗewa ya zama takobin Yato. Ina juzu'i na 19 yanzu, na kuma gargaɗi ƙanena, idan ya kuskura ya faɗa mini ƙarshen, ba zai ƙara ganin kuɗin data daga wajena ba.