Jan Farce a Gida: Abin da Na Gwada a Aboabo da Wanda Ya Cancanci Kuɗinsa

Macen da ke sallah biyar, kuma take wanki da wanke-wanke da hannunta, lissafinta da jan farce daban yake da na 'yan matan da muke gani a TikTok. Su suna neman wanda zai yi mako uku bai motsa ba. Mu kuwa muna neman wanda zai yi kyau a 'yan kwanakin fashin sallah, ranar wanka kuma ya fita tsaf bai ɓata farce ba. Da wannan ma'auni na gwada duk abin da zan yi bayani a kai, a gidanmu da ke Aboabo, nan Kumasi, damina da hunturu.

Na fara da na kasuwar Kejetia, ƙananan kwalaben nan masu araha da ake jerawa a faranti. Launinsu ba laifi, musamman ja mai duhu da ruwan hoda. Inda suka gaza shi ne burushi. Siriri ne, gashinsa a warwatse, sai kin bi farce sau da yawa kafin ya rufe, kowane bi kuma ya bar layinsa. Sai batun kauri. Jan farce wani sinadari ne da ake kira naitiroselulos, an narkar da shi tare da launi a cikin ruwa mai saurin tashi, wanda shi ne warin nan da ke cika ɗaki. Idan ruwan ya tashi sai ya bar ɓawo siriri mai sheƙi a kan farce. To kwalbar da ta wuni a rana a kan faranti, murfinta bai ɗauru sosai ba, ruwanta yana guduwa tun kafin ki saya. Shi ya sa nake karkata kwalba a gaban mai sayarwa in ga yadda yake gangarowa. In ya tafi a hankali kamar kokon da ya huce, ajiyewa nake yi ko da launin ya tafi da ni.

Daga nan na sayi kwalba ɗaya mai ɗan tsada a wani shagon kayan kwalliya a Adum, kuɗinta zai sayi na faranti da dama. Ban ga ta fi su kyawun launi ba, amma burushinta mai faɗi ne, bakinsa a lanƙwashe daidai gindin farce: ki bi tsakiya, ki bi dama, ki bi hagu, an gama. Ga wanda yake shafa wa kansa, ba ƙaramin abu ba ne wannan, musamman in aka zo hannun dama, inda hagu ce za ta riƙe burushi.

Amma abin da ya fi ba ni mamaki, ba tsadar launi ce ke sa ado ya daɗe ba. Kwalabe biyu marasa launi ne, shafin ƙasa da shafin sama. Na ƙasa yana kama farce, yana kuma hana ja da baƙi su rina shi ya koma ɗorawa-ɗorawa bayan an goge. Na sama shi ke ba da sheƙi, shi ke karɓar wahalar ruwan sabulu. Na haɗa jan farcen faranti da waɗannan biyun, ya jure wankin kayan makarantar yara da wanke tukunyar tuwon zafi, sai ɗan ɓantarewa a bakin manuniya. Mai tsadan kuma da na shafa shi kaɗai, wanki ɗaya ya fara cin bakinsa. In kuɗinki kaɗan ne, ki zuba su a kan waɗannan biyun, launi kuwa ki sayi na Kejetia.

Sauran sirrin haƙuri ne. A wanke farce a goge maiƙo, domin ko ɗan man kaɗanya ya rage a kai, jan farce ba zai zauna ba. A shafa siriri sau biyu, ya fi mai kauri sau ɗaya. A ja burushi a ƙarshen farce a rufe bakinsa. Kada a girgiza kwalba, murza ta za a yi tsakanin tafuka, don girgizawa ke kawo ƙananan kumfa. Saman yana bushewa cikin mintuna, amma cikin sai ya yi sa'o'i kafin ya yi tauri, shi ya sa mai shafawa ta kwanta nan take takan tashi da zanen zanin gado a farce. Da damina, yadda iskar Kumasi ke da laima, bushewar ta fi jinkiri, wani lokaci sheƙin ma ya dushe. Da hunturu kuwa nan da nan yake kamawa, sai dai fatar gefen farce ce ke tsagewa, a nan man kaɗanya ke da rana, bayan an gama ado ba kafin a fara ba.

Zane shi ne inda na fi jin daɗin abin. An sayar mini da wani ƙunshin kayan zane, da ƙarafuna masu kan ƙwallo na yin ɗigo da burushi masu tsini, amma tsinken sakace da salatif sun yi mini kusan duk aikin. Ki ɗiga launi kaɗan a kan murfin roba, ki tsoma kan tsinke, ki dangwala ɗigo biyar a zagaye, ki sa na shida mai wani launi a tsakiya, fure ya fito. Wanda na fi alfahari da shi zanen kente ne. Na shafa rawaya a ƙasa, na bar shi ya bushe sarai, na yanka salatif sirara na jera a karkace, na cike tsakaninsu da kore da ja, na zare salatif tun launin yana ɗanye, sannan na ja siririn baƙin layi a tsakani. Dabarar ita ce a fara manna salatif a bayan hannu a cire, ƙarfin gam ɗin ya ragu, in ba haka ba zai taso da rawayan. Ba zan ce ya kai aikin masaƙan Bonwire ba, amma a wajen wani suna a Asawase mata sun yi ta kama hannuna suna dubawa. Babban yatsa da na zobe kaɗai na yi wa zanen, sauran na bar su launi ɗaya, hakan ya fi kyau a idona da a cika kowane farce da hayaniya.

Sitika masu fure da ake mannawa suna da sauƙi, suna kuma zama in an bi su da shafin sama. Duwatsu masu ƙyalli kuwa ba na ba kowa shawarar sa su a hannun dama. Da hannu muke cin tuwo da miyar ayoyo, da hannu muke ba yara abinci, kuma na ga dutse ɗaya ya ɓalle ya faɗa cikin kwanon shinkafa ina tsince ta. Wannan ya ishe ni hujja. Mai ƙyalƙyali yana da kyau da dare a wajen biki, amma fitarsa aiki ne, sai an jiƙa auduga an ɗaure a kan farce na ɗan lokaci.

Yanzu ga wanda na fi son a saurare ni a kansa, wato jel mai fitila. Ƙanwata ce ta yi odar akwatinsa ta intanet, da fitilar da ake cusa hannu a ciki da kwalabe kala-kala. Kyau kam babu abin da ya kama ƙafarsa. Sheƙi kamar gilashi, hannu na fitowa daga fitila ya riga ya yi tauri, babu jira. Shi ba bushewa yake yi ba, hasken fitilar ne ke daskarar da shi, kowane shafi daƙiƙa 30 zuwa 60. Amma abin da ya sa ya yi suna shi ne ya sa bai dace da mu ba: an yi shi ne don ya yi mako biyu zuwa uku. Ranar da za ki yi wankan tsarki yana nan daram, sai an goge samansa da abin gyaran farce, a jiƙa auduga da asiton, wato ruwan goge jan farce, a naɗe kowane yatsa na minti 10 zuwa 15, a kankare. Farcena ya fito fari-fari, ya yi laushi, yana lanƙwashewa in na buɗe gwangwani. Ga ɗauke wuta, in ta same ki a tsakiyar aiki, jel ɗanye na zaune a hannunki.

Wannan ɗanyen jel ɗin shi ne haɗarin. Ƙanwata ta fi ni yawan amfani da shi, sai gefen faratanta ya fara ja da ƙaiƙayi, da ƙananan ƙuraje masu ruwa, har fatar idonta ta kumbura. A asibiti aka ce ta daina baki ɗaya. A cikin jel akwai sinadarai irin su HEMA, waɗanda in suka riƙa taɓa fata ba su daskare ba, jiki na iya ƙinsu, kuma in ya ƙi su, ya ƙi ke nan har abada. Ba a farce kaɗai abin ke tsayawa ba, domin 'yan uwan waɗannan sinadarai ne ake amfani da su wajen cike haƙori. Ƙungiyar likitocin fata ta Birtaniya ta yi gargaɗi a kan haka tun 2018, ta kuma ambaci akwatunan gida. Tarayyar Turai ta taƙaita kayan farce masu HEMA ga ƙwararru kaɗai, sannan daga 1 ga Satumba 2025 ta hana wani sinadarin jel mai suna TPO. Abin da ke damuna, kayan da aka hana a can sukan nemi kasuwa a nan. Akwatin ƙanwata babu jerin sinadarai da za a iya karantawa a jikinsa, babu lambar rajistar FDA, hukumar abinci da magunguna ta Gana, wadda kayan kwalliya ma a ƙarƙashinta suke. Wadda ta dage sai jel, ta je wurin wadda ta koyi aikin ta kuma san fitilarta.

Sai wanda ake tallatawa da sunan halal, wai ruwa na ratsa shi. Wata 'yar uwa ta zo mini da kwalba daga Ingila, na yi murna ƙwarai, don wace ce ba ta son ado da sallah a tare? A matsayinsa na jan farce yana da kyau, ba shi da wari sosai, yana kwanciya lumui. Na shafa shi a kan takardar tishu, ya bushe, na ɗiga ruwa, na sa wata a ƙarƙashi. Da shafi ɗaya, in na murza da yatsa, ɗan danshi na sauka. Da shafi biyu, wanda sai da shi launi ke fitowa, ɗigon ruwan zama ya yi a sama. Na kai maganar wurin malamarmu ta makarantar matan aure, na ce, "Malama, an ce wannan ana alwala da shi." Ta juya kwalbar ta ce, "'Yata, an umarce mu da wankewa, da cuɗawa, ba da danshi ba. In kina kokwanto, kada ki ɗora sallarki a kansa." Mu nan Malikiyya muke bi, cuɗawa na cikin farillan alwala bakwai. Na san akwai malaman da suka ba wasu kamfanoni takardar shaida, ba na kuma zargin wadda ta bi su. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba, sai nake sa shi a lokacin da nake sa sauran, kuma a hakan tsadarsa ba ta da dalili.

Wanda ya ba ni abin da nake nema shi ne mai ɓarewa, wanda aka haɗa da ruwa maimakon sinadari mai wari. Ki shafa bayan isha ki tafi wajen biki, ki dawo ki sa farce a gefe ki ɗago shi ya fito ɓawo guda, babu auduga babu asiton. Ba ya jure ruwan zafi, launukansa kaɗan ne, sheƙinsa matsakaici. Amma a cikin jan farce shi kaɗai ne zan iya sawa a ranar da nake sallah. A duba gefe-gefe kawai bayan an ɓare, don yakan bar ɗan saura a kusurwa.

Sauran ranakun wata kuwa lalle ne abokin tafiya. Shi ba ya yin ɓawo, launinsa shiga yake cikin farcen ya rina shi, ruwa na wucewa abinsa, babu malamin da ya taɓa tsayar da ni a kansa. Na niƙa ganye, na kwaɓa da lemun tsami, na ɗaure na kwana da shi, na maimaita, ya ba da ja mai zurfi. Har da salatif na yi masa, rabin farce ja rabin fari, ya fito da kyau. Sai dai ki sani ba ya gogewa, farcen hannu kuma kimanin milimita 3 yake tsiro a wata, don haka watanni za ku yi tare. Baƙin da ake haɗawa da rinin gashi ban yarda da shi ba, akwai wani sinadari mai suna PPD a ciki, yana ƙona fatar wasu. Asiton kuma wuta yake kamawa, kada a buɗe shi kusa da kurfoti ko risho, a yi gogewar a tsakar gida inda iska ke kaɗawa.

Akwai ƙorafin da nake da shi ga masu shigo da kaya. A jikin kwalba akan zana ɗan buɗaɗɗen gwangwani da 12M ko 24M, ma'ana watannin da zai yi bayan an buɗe. Macen da ke shafawa kwanaki kaɗan a wata ba za ta kai rabin babbar kwalba ba kafin ta yi kauri a zafin nan namu. Matan Aboabo da Asawase da Sabon Zango da Tafo ba kasuwa ce ƙarama ba. A kawo mana ƙananan kwalabe masu burushi mai faɗi, a kawo mai ɓarewa da launuka masu yawa, da ja mai duhu da ruwan ƙasa waɗanda ke hawa fatarmu, a rubuta abin da ke ciki yadda za mu iya karantawa. Yanzu mai ɓarewa sai na zaga shaguna a Adum kafin in same shi, sau da yawa kuma ruwan hoda kaɗai ake da shi.