Taron masu Linux kan Ubuntu 24.04: na ji daɗi, amma har yau ina neman takarduna

Wata Asabar cikin watan Mayun 2024 na saɓa tsohuwar laftof ɗina na nufi taron da wasu matasa masu amfani da Linux suka shirya a nan Kano, don murnar fitowar Ubuntu 24.04 da aka saki ranar 25 ga Afrilu. Linux babbar manhaja ce mai tafiyar da kwamfuta, wadda ake iya sawa a madadin Windows, Ubuntu kuma wani nau'inta ne. Dalili ɗaya ne ya kai ni. Kwamfutata ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba saboda tsufa, kuma an riga an sanar cewa Windows 10 zai daina samun gyaran tsaro daga 14 ga Oktoban 2025. Ni malamin makaranta ne, ina kuma buga wa mutane takardu da Hausa, sayen sabuwa ba ya cikin lissafina a wannan tsadar.

Da farko dai sun burge ni. Ba su karɓi ko sisi ba, kuma sun zo da filash da yawa ɗauke da manhajar, suka hutar da mu sauke abu mai kusan giga 6 da datarmu. Wanda ya yi bayani ya san abin da yake faɗa. A bakinsa na fara jin cewa 24 ɗin shekara ce, 04 kuma wata, kuma irin wannan fitowa ta duk shekara biyu ana kula da ita shekara biyar, wato har 2029. Ya ce kalmar ubuntu daga harsunan Zulu da Xhosa take, ma'anarta kusan mutuntaka. Sai kuma ya shiga saiti ya zaɓi allon rubutun Hausa, ya buga ƙ da ɗ da ɓ a majigi ba tare da ya sauke komai ba. Wallahi sai da na tafa. Shekara da shekaru ina kwafo waɗannan haruffa daga wata tsohuwar takarda ina liƙawa ɗaya bayan ɗaya.

To, bayan sallar azahar aka koma ɗora wa mutane, a nan ne abin ya faru.

Wani saurayi ya karɓi tawa, ga shi da ladabi, ya ce, "Malam, an ajiye kwafin kaya a wani wuri?" Na ce masa kayana duk suna faifan D, ya yi abin da zai yi da faifan C. Ya ce to. Bai sake tambaya ba, bai nuna min allon ba, ya zaɓi goge faifai gaba ɗaya ya danna. Ni a sanina C daban, D daban. Ashe faifai ɗaya ne aka tsaga gida biyu, kuma wannan zaɓin ba ya barin ko ɗaya. Shi ya san haka. Ni ban sani ba, kuma rashin sanin ne ya fito da ni daga gida cikin wannan zafin. Da kwamfutar ta tashi na ce ya nuna min inda takarduna suke, na ga ya yi shiru yana zufa, gabana ya faɗi. Jarrabawowin da na tsara na shekaru, ayyukan mutane da na riga na karɓi kuɗinsu, hotunan sunan ƴaƴana, duk suna ciki. Innalillahi kawai nake maimaitawa.

Wata baiwar Allah daga cikin masu shirya taron ce ta taso. Abu na farko da ta ce shi ne, "Baba, a kashe ta yanzu, kada a ƙara rubuta komai a kanta." Ta bayyana min cewa gogewa ba ta cinye fayil nan take, wurinsa kawai ake sakewa, sai an rubuta wani abu a kai yake tafiya. Ta tayar da kwamfutar daga filash, ta ari faifan waje a wurin wani, ta kunna wata manhaja mai suna PhotoRec. Ta ce na ci sa'a faifaina tsohon yayi ne mai juyi. Aka ɗauke wuta, aka tada janareta, mutane suka watse, ita tana zaune har bayan magariba. Na miƙa mata kuɗin mota ta ce, "Haba Baba, mu ne da laifi." Allah Ya saka mata da alheri, Ya yi wa iyayenta albarka. A daren nan da an tambaye ni, da na ce taron ya yi.

Amma da na zauna a gida sai ɓacin ran ya dawo. PhotoRec yana dawo da abin da ke cikin fayil ne, ba ya dawo da sunansa ko jakar da yake ciki. Dubban fayiloli, kowanne da harafin f da jerin lambobi, sai ka buɗe kafin ka san mene ne. Waɗanda sabuwar manhajar ta hau kansu kuwa sun tafi ke nan. Ƙari a kan haka, saurayin nan ƙaramin zubi ya zaɓa min, wanda ba ya zuwa da LibreOffice, manhajar buga takardu, alhali na gaya masa buga takardu ne sana'ata. Datar da na yi murnar tsira da ita sai da na ƙona wajen sauke ta.

Abin da ya fi ci min rai, an yi fiye da awa ana jawabi kan GNOME 46, wato fuskar Ubuntu da ake gani a allo, da sabon shagon manhajoji, amma ba wanda ya miƙe ya ce jama'a, duk wanda bai kwashe kayansa ba kada ya kawo kwamfutarsa gaba. Minti ɗaya ya isa. Kuma bai kamata a bar mutum ɗaya ya danna maɓallin gogewa a kayan wani ba tare da mai kayan ya ga allon ya amince ba.

Ita Ubuntu ban da ƙorafi a kanta, kwamfutar ta yi sauƙi, kuma da ita nake wannan rubutu. Idan sun sake kira zan je, sai dai da faifan waje a jakata, kuma ni zan riƙe linzamin. Hotunan sunan babbar ƴata dai har yau ban gan su ba, kullum da daddare nakan buɗe wasu fayilolin in duba.