Harawa, dusa ko angurya: me mai ƙaramin garke zai tanada kafin hunturu ya kankama?

Da zarar an shiga Nuwamba iska ta juya, ciyawar daji ta fara zama ƙirare, aikin mai kiwon gida ya koma na turke. Daga nan har faɗuwar ruwa a Mayu ko Yuni, abin da ka ajiye shi tumaki da awakinka za su ci. Lissafin ba wuya: tunkiya ko akuya na cin busasshen abinci kusan kashi 3 cikin 100 na nauyinta a rana, wato rago mai kilo 30 yana bukatar kusan kilo 1. Dabba biyar a wata shida sun tasam ma kilo 900. Da wannan adadin a ka ake shiga kasuwa, ba da kuɗin da ke aljihu kawai ba.

In kuɗin na abu ɗaya ne, a sayi harawar wake. Ita ce abincin da dabba za ta rayu a kansa shi kaɗai ba ta rame ba, domin tana cika ciki kuma tana gina jiki a lokaci guda. Furotin ɗinta ya ninka na karan dawa sau biyu zuwa uku, ga sinadarin ƙarfafa ƙashi da dusa ba ta da shi sosai. Tunkiya mai ciki ko mai shayarwa in tana samun rabin kilo a rana, sauran a cike da kara da karmami, nono ba ya ƙafewa, 'ya'yan kuma ba sa fitowa a langwaɓe. Ba ta kumbura ciki yadda hatsi ke yi, ba sai an saba wa dabba da ita a hankali ba, yaro ma zai iya zuba ta a komi ba tare da an ji tsoron ya zarce ƙa'ida ba. A gidan da maigida ke fita da sassafe, kiwo ya rage hannun mata da yara, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai harawa suna ta tara. Amfanin yana cikin ganye, jijiyar kuwa rakiya ce. Wadda aka yanka tun da sauran kore a jikinta, aka naɗe ta da safe raɓa ba ta gama bushewa ba, ganyenta na nan maƙale, launinta kore-kore, tana ƙamshi. Wadda aka bari a gona rana ta gasa ta har ta yi fari, kana ɗaga damin ganyen zai zube ya bar ka da igiya. Harawar wake mai yaɗo irin Kanannado ta fi ta wake mai tsayuwa ganye, shi ya sa manoman Kano ba su yar da shi ba duk da jinkirin nunarsa. Lokacin saye kuwa kaka ne, daga gona in da hali. Wanda ya jira bazara zai biya kuɗin sakacinsa, balle in Babbar Salla ta matso masu kiwon raguna sun cika kasuwa.

Harawar gyaɗa ita ke biye, kuma in ta samu da tsabta ba ta da laifi, sai dai tana zuwa da ƙasa a saiwa, an kuma fi sayar da ita a farfashe cikin buhu, inda ido ba ya ganin tsakiya. Kowar wake ƙari ce mai kyau in ta zo da araha. Kara zalla cikon tumbi ne, dabba za ta yini tana tuƙa tana ramewa.

Dusa tana sa ƙiba da sheƙin gashi, amma mahaɗi ce. Giram 200 zuwa 300 a rana ya ishi babban rago, a fara da ɗan kaɗan a riƙa ƙarawa cikin kwana 7 zuwa 10. Wanda ya tula wa dabbar da ba ta saba ba kwano guda, washegari zai tarar da ita ta ƙi ci, ciki a kumbure, ga zawo mai tsami. Akwai kuma illar da ba a lura da ita sai ta faru: ragon da aka ɗora kan dusa da yawa, harawa kaɗan, ruwa kaɗan, tsakuwa kan toshe masa mafitsara, ka gan shi yana ta yunƙurin fitsari yana ɗigowa. A hunturu abin ya fi yawa saboda dabba na gudun ruwan da ya kwana a waje ya yi sanyi ƙarara. A sirka musu da ɗumi da safe, ko a jira hantsi, a ɗan jefa gishiri don su ji ƙishi. Tsakanin dusar alkama da ta masara, ta alkama ta fi gina jiki, ta masara ta fi maiƙo kuma ta fi saurin yin ɗoyi a ajiye. Angurya da tunkuzarta na da ƙarfi, giram 100 zuwa 150 ga babba, amma kada a ba 'yan raguna da 'yan awakin da ba su fara tuƙa sosai ba, akwai guba a cikinta da cikinsu bai iya kashewa ba tukuna.

Yanzu ga inda kuɗin mutane ke salwanta. Damin harawa kada ka yarda da fuskarsa. Ana shimfiɗa mai kyau a waje, a cusa ciyawa, ragowar kara, ko harawar bara da ruwa ya daka a tsakiya. Ka ce a kwance maka dami ɗaya, kai za ka nuna wanda za a kwance, daga ƙasan tulin. Mai sayarwa in ya fara cewa ɗaurin zai lalace, ka yi masa sallama. Wasu na yayyafa ruwa da asuba don ta yi nauyi ta yi laushi kamar sabuwa. Zura hannu har gwiwar hannu: in ka ji ɗumi ko danshi, wannan cikin mako biyu ta yi fumfuna. Baƙi-baƙi ko fari-fari a jikin jijiya, da ƙura mai warin ɗaki rufaffe, duk alamar ta riga ta kama ce. Irin wannan ko kyauta aka ba ka, ka bar ta. Tana kashe cin abinci, tana jawo tari a lokacin da ƙurar hunturu ta riga ta takura wa huhu, masu ciki kuma na iya ɓari.

Algus ɗin dusa ya fi na harawa muni don an niƙe shi. Abin da aka fi zubawa ɓuntun shinkafa ne da aka mayar gari, wani lokaci da yashi ko sharar injin niƙa. Ɓuntu ba ya ƙara wa dabba komai, sai kartar ciki. Gwajin na minti biyu ne. Ɗebo daga tsakiyar buhu, ba daga baki ba, ka murza a tafin hannu: dusar kirki na da laushi tana barin gari, mai ɓuntu tana sosa kamar ƙaiƙayi. Sannan ka zuba tafi ɗaya a kwanon ruwa ka motsa ka tsiyaye, yashi zai zauna a gindi ka ji shi da yatsa. Ka kuma dunƙule ta, in ta tsaya curi ba ta warware ba, da danshi a ciki. Tunkuzar gyaɗa ko ta angurya mai ɗaci da tabon kore-kore ita ce ta fi haɗari, domin gubar fumfunarta na bi ta nono ta kai ga yaran gida masu sha. Buhu ma a ɗora a sikeli. Buhun da aka girgiza aka danna da wanda aka zuba sako-sako tsayinsu ɗaya a ido.

In ka kawo gida, kada harawa ta taɓa ƙasa, gara na jira. A ɗora ta kan rumfa ko dandamalin itace, a rufe saman da zana ko tsohon buhu don rana kada ta cinye korenta. Wadda ake jibgewa a rufin ɗaki a buɗe tana tsira daga awaki, amma saman tulin kan yi fari kafin Fabrairu. Dusa kuma kada a sayi ta fiye da wata ɗaya zuwa biyu a lokaci guda, a jingine buhun kan katako nesa da bango. Wajen bayarwa a zuba harawa a komi mai ɗan tsayi, rabi da safe rabi da yamma, domin akuya ba ta cin abin da ta taka. Ganyen da ya zube a gindin tuli a share shi a tankaɗe ƙasar, a haɗa da dusar masu shayarwa.